Madarar Nasara a Gonar Sallau

Ni na fara ganin famfon nan a ƙasar Matameye. Duk wanda ya ce muku ya riga ni, ku tambaye shi launin takarkarin da ya ɗauko shi. Ina dawowa daga Kance na ci karo da su a hanya: baƙin sa mai farin goshi, a gefe guda an ɗaura masa gangar ƙarfe da suke kira tano, a ɗaya gefen garewanin kananzir, a bisa kuma wani ƙarfe mai hannu da doguwar tiyo a naɗe kamar hanjin raƙumi. Waɗanda suka ga abin nan a zamaninsa duk ƙasa ta rufe musu ido. Ni fara ba ta kashe ni ba, yunwar da ta biyo bayanta ba ta kashe ni ba, aikin hanyar Damagaram ma ya gaji ya bar ni. To ku gyara zama, labarin Sallau zan ba ku.

Sallau manomi ne, gonarsa ce ta ƙarshe in ka fita gari ta hanyar Dawce, daga ita sai jigawa. Shekarar da ta gabata fara ta sauka ta cinye masa hatsi har kara. Awaki sun tafi kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Irin da ya shuka bana ma matarsa Baiwa ce ta zuba shi a tulu ta liƙe bakin da laka, ta toshe kunnenta daga kukan yara har ruwa ya sauka. Allah ya ba da damina, hatsi ya kai ƙugu, ya yi baƙi ƙirin don kyau. In wannan ya tafi, babu wani tulu.

Sai aka ce ƙwan da farar bara ta binne a jigawa ya fashe. Ɗango ke nan, 'ya'yan fara waɗanda ba su yi fiffike ba, tafiya suke a ƙasa, tsalle da rarrafe, in suka haɗu sai ka ce ƙasar ce ke motsi. Mutanenmu sun san maganinsu tun kaka da kakanni. A haƙa dogon rami a gabansu, a koro su da rassa su faɗa, a rufe da ƙasa, mata su kwashi na kwasa su dafa. Sallau ya riga ya wasa hauyarsa ya kira maƙwabta gayya, sai ga takarkarin nan ya tsaya a bakin gonarsa, bayansa Nasaran gona a kan doki, da gardi, wato dogarin Nasara, mai jar dara, sunansa Muntaka.

Nasaran bai iya Hausa ba, Muntaka ke juya magana. Ya ce an zaɓi gonar nan don a gwada sabon magani. Ba rami, ba wuta, ba kora da reshe, ba matar da za ta kwashi ɗango a ciki. Magani kaɗai zai yi aiki, domin Nasara ya ga ƙarfinsa.

Sallau ya ce, "Ranka ya daɗe, in maganin bai ci ba fa?"

Muntaka ya dube shi sama da ƙasa. "Wannan tambayar ba ta da Faransanci."

Aka sa Baiwa ta tafasa ruwa a babbar tukunya. Nasara ya sauka daga doki, ya naɗe hannun riga, ya yanyanka sabulu cikin ruwan zafin da kansa, ya juye a tano, ya kwarara kananzir a kai. Ya ɗaga murya ya yi wata magana yana nuna idonsa da yatsa. To mu yadda aka haife mu aka tashe mu, babban mutum ba ya aiki kana tsaye kana zuba masa ido. Mai unguwa ya cire takalmi ya durƙusa ya sunkuyar da kai, kowa ya bi. Muntaka ya juya wa tano baya, ya fuskanci jama'a da bulala a hannu, yana duba wanda zai yi rashin kunya. Wani ya ɗan ɗago, ya sha ta a kafaɗa. Shi Nasara a ganinsa koya musu yake. A ƙasarsu in ana nuna maka aiki ido kake buɗewa.

Sallau na durƙushe yana kallon tururuwa a tsakanin ƙafafunsa. Kunnensa kaɗai ke aiki. Ya ji hannun famfo na hawa da sauka, ya ji wani ƙara kamar saniya na fitsari a kan dutse. Aka daɗe ana haka har gwiwarsa ta fara tsami, ƙarar ta yi ta sauyawa, ta bar kaifi ta koma nauyi, kamar ana zuba kunu daga ƙwarya zuwa ƙwarya. Da aka ce su tashi, abin da ke cikin tano ya zama fari fat kamar kindirmo. Nasara ya sa aka ƙara ruwa har baki, ya kama tiyo ya feshe wani gungun ɗango da ya riga sauran isowa. Kafin a sha ruwa sun bar tsalle, sun mimmiƙe. Ganyen hatsin da maganin ya taɓa ko yamutsewa bai yi ba. Mutane suka ce madarar Nasara ke nan.

Nasara ya hau doki ya nufi Yauri, inda aka ce abin ya fi muni. Ya bar famfo da sauran kananzir da sabulu da Muntaka, ya ce zai dawo ya ga gona. Madarar da ya haɗa ta ƙare a yinin nan kan 'yan gaba-gaba.

Washegari da hantsi, rana na fara ɗumama rairayi, uwar rundunar ta taso. Sallau na tsaye a bakin gona ya ga jigawa ta canja launi. Kafin ido ya rarrabe su kunne ya ji su, wani sauti kamar yayyafi a kan busasshen ganye. Maƙwabta duk sun koma gonakinsu suna haƙa. Illa, taubashin Sallau, wanda gonarsu ke iyaka, ya ɗago daga cikin rami ƙasa har gira.

"Kai bawana, ka huta abinka. Mu talakawa muna haƙa, kai an kawo maka saniyar ƙarfe kana tatsa."

"Haƙa da kyau," in ji Sallau, "in ka gama ka kwanta a ciki in rufe."

Bakinsa kaɗai ya yi wasan. Ya juya wajen Muntaka. "Ranka ya daɗe, yaya ake haɗawa?"

"Yadda ka gani jiya."

"Ai ban gani ba. Kai ka ce mu sunkuya."

Muntaka ya gyara zaman dararsa. "Sabulu, ruwan zafi, kananzir. A dama. Matarka ba ta iya damu ba ne?"

Baiwa ta kawo muciyar tuwo. Aka yi yadda ya ce, ta sa ƙarfinta ta tuƙa har gumi ya jiƙa mata zane. Abin ya yi fari-fari, amma da ta tsame muciya ta leƙa, sai ta yi turus.

"Maigida, wannan yana da ido. Dubi mai yana tasowa kamar a miya. Na jiya ba shi da ido."

"Ke da wa ya tambaye ki?" in ji Muntaka. "A cika ruwa."

Aka cika. Muntaka ya kama hannun famfo, Sallau ya ja tiyo zuwa kunyoyin farko inda ɗango ya fara hawa kara. Ya fesa. Suka jiƙe, suka girgiza, suka ci gaba da ci. Ya sake fesawa har ƙasa ta yi caɓi, ko ɗaya bai faɗi ba. Famfon daga gindin tano yake zuƙa, man kuwa duk ya taso sama ya kwanta, ruwan sabulu tsura ake ba su. Ba wanda ya san haka a lokacin. Muntaka cewa ya yi Sallau ne bai iya riƙo ba, ya matsa ciki. Sallau ya matsa, suna ja da tano a baya, har ruwan ya kusa ƙarewa. Nan warin ya sauya. Abin da ke fita daga tiyo ya daina kumfa, ya koma garau yana ƙyalli, ɗango ya fara zuba kamar ana kakkaɓe shi.

"Ka gani?" in ji Muntaka. "Dā ma sai ya jiƙa. Yi ta yi."

Sallau ya yi ta yi, yana murna, ya bi kunya bayan kunya. Sai da tano ya yi ƙaf ya waiwaya. Ganyen da ya fesa a ƙarshe ya yi duhu ya saki jiki kamar an tsoma shi a tafasasshen ruwa. Rana na dukansa yana naɗewa a gaban idonsa. Kafin ta take tsaka, hatsin da ya fi kowanne kyau a gonar, na wajen tsohon turken awaki, ya kwanta. Gaban gona ɗango ya ci, tsakiya shi ya ƙone da hannunsa. Abin da ya rage shi ne na gangare, wajen kwari, kuma kananzir saura garwa guda.

Baiwa ba ta yi kuka ba. Ta je ta tsinko ganye ɗaya ta murza, ta shinshina, ta yar. Sallau ya ajiye tiyo ya nufi inda hauyarsa take.

"Ina za ka?" in ji Muntaka.

"Rami."

"An ce ba rami."

"Wanda ya ce yana Yauri. 'Ya'yana suna nan."

Muntaka ya sha gabansa, bulala a hannu. "In ka sari ƙasar nan, yau a ɗaure za ka kwana a Kance. Ka tafi aikin hanya, ɗango ya ƙarasa sauran a bayanka. Zaɓi."

Sallau ya san ba barazana ba ce kawai. Ya ga waɗanda aka tafi da su da igiya a ƙugu, ya ga yadda suka dawo, waɗanda suka dawo. Ya tsaya da hauya a hannu, sautin nan na yayyafi na ƙara matsowa. Ya rage murya yadda maƙwabta ba za su ji ba.

"Ranka ya daɗe, tsakaninka da Allah. Ka ga yadda Nasara ya haɗa?"

Muntaka ya dubi hanyar Yauri. Ya dubi hatsin da ya kwanta. Shi ma da nasa a wuya, don in Nasara ya dawo ya tarar an ƙona gonar gwaji, ba Sallau kaɗai za a tambaya ba. Bai ce a'a ba, amma bulalar ta sauka ta koma gefen ƙafarsa.

Sallau ya jingina hauya. Ya je inda tano ya tsaya jiya, ya durƙusa daidai wurin da ya durƙusa, ya sunkuyar da kai. Illa daga ƙetaren iyaka ya ce, "Sallar me kake yi ba alwala?" Sallau ya kafa ido a ƙasa. Tunawa yake. Hannun famfo ya yi ta aiki har gwiwa ta yi tsami. Ruwa ya yi ta fita, kunnensa shaida ne. Amma da suka ɗago, ƙasar wurin a bushe take, tururuwar da yake kallo ko ɗigo bai same ta ba, kuma tano bai ragu ba.

Ya miƙe. "Cikin tano Nasara ya mayar da bakin tiyo. Abin ya zuƙo daga gindin tano ya harba a kansa."

"Wane mahaukaci zai ɗebi ruwa daga rijiya ya zuba a rijiya?" in ji Muntaka.

"Ban sani ba. Amma abin da ya yi ke nan."

"Garwa guda ta rage. In ka ɓata ta, ni da kaina zan ɗaure ka."

"In na ɓata ta, ka ɗaure. Ba abin da zan zauna in tsara."

Baiwa ta riga ta hura wuta. Jiran ruwa ya tafasa ya fi komai tsawo a ranar nan. Suna tsaye suna kallon tukunya, ɗango na ratsa ƙonannen wuri, wasu na mutuwa a kan man, na baya na taka su suna wucewa. Da ruwa ya yi, aka narka sabulu, aka juye, aka kwarara garwar ƙarshe har ɗigonta. Sallau ya kwance kan tiyo mai ƙananan huji, ya bar bakin a buɗe, ya karkata shi cikin tano. Muntaka ya danna hannun famfo.

Ruwan ya fito a dunƙule kamar sanda, santsi, har kana iya ganin rana a jikinsa. Ya soki man da ke kwance a sama ya huda shi ya nutse da shi ƙasa. Sallau ya zuba ido, yau ba wanda zai ce ya sunkuya. Ya ga manyan idanun mai suna tasowa, sandar ruwa ta same su ta yayyaga, su rabu su zama ƙanana, su juya su nutse, famfo ya zuƙe su ya sake harbo su. Kowane zagaye sun fi na baya ƙanƙanta. Daga girman ƙwai suka koma girman wake, daga wake suka koma ƙwayar hatsi. Tano na ruri, feshi na tashi yana shiga masa ido da hanci.

Muntaka ya gaji, numfashinsa na fita da ƙyar. A nan ne ni da nake taya Illa haƙa na tsallake iyaka na karɓi hannun famfon, kuma ba a sake canjina ba har aka gama, don ƙarfina a lokacin ba irin na mutanen yanzu ba ne.

Baiwa ce ke kallon gangare. "Maigida, sun shiga."

Sun shiga kuwa. Kunyar farko ta hatsin kwari ta yi baƙi da su, kara na sunkuyawa don nauyi.

"Ya isa," in ji Muntaka. "Ya yi fari. Juya tiyo."

Sallau ya leƙa. Ya yi fari, amma in ka karkata kai ka duba ta gefen rana, akwai 'yan ɗigo masu ƙyalli suna yawo. Kuma ƙarar har yanzu da kaifinta.

"Da saura."

"Suna cin hatsinka, baƙauye."

"Na sani. Nawa ne."

Kunya ta biyu ta tafi. Baiwa ta sa gefen zane a baki ta cije. Muntaka ya kama tiyo zai fizge, Sallau ya riƙe gam, suka tsaya ƙirji da ƙirji, sandar ruwa na ta dukan cikin tano a tsakaninsu. Talaka bai taɓa riƙe abin da gardi ya ja ba a garin nan. Sallau bai ɗaga murya ba, cewa ya yi, "Ɗazu na bi maganarka, ga ta can a kwance. Wannan karon ka bar ni in ji da kunnena." Muntaka ya saki.

Ta uku na cikin tafiya sautin ya faɗa. Ya yi kauri, ya yi laushi, hannun famfo ya yi nauyi a hannuna. Baiwa ta tsoma ludayi ta ɗaga. Abin ya manne a bayan ludayin sumul, ya zubo a hankali, ba ido ko ɗaya.

"Shi ne," in ji ta.

Aka kwarara tulunan ruwa har baki, aka ja tano a guje zuwa gangare. Sallau ya nemi kan tiyo mai huji, babu, ya faɗa rairayi an tattake shi. Da ya saki ruwan haka, sai ya fita kamar sanda ya karya kara ya haƙa ƙasa, rabin tano zai tafi a kunya guda. Ya ɗaga bakin sama, ya ga sandar na tafiya kaɗan sai ta fara rawa, ta tsinke kamar tsakiyar wuya da zarenta ya katse, ta watse. Sai ya ɗora babban yatsansa a bakin ya matse. Ruwan ya baje kamar wutsiyar zakara, ya farfashe tun daga yatsan, ya zama raɓa mai sauka a hankali ta lulluɓe ganye ciki da baya. Ya bi kunya yana lilo da hannu. Na farko suka bar ci, suka saki kara. Ya waiwaya ya dubi ganyen, ya sake waiwaya. Ganye na nan kore, rana na dukansa bai naɗe ba.

Ya yi ta tafiya. Yatsan ya yi fari ya tattare, daga baya fatar ta saɓule, bai ɗaga ba. Gawar ɗango ta taru a gindin kara har tana rufe ƙafa. Amma jigawa ba ta gama amai ba. La'asar na yi famfo ya fara zuƙar iska, ya tofa kumfa, ya yi shiru. Wutsiyar rundunar na nan tafe, ba ta kai ta safe yawa ba, amma ta isa ta share abin da aka tsirar kafin rana ta faɗi.

Sallau ya saki tiyo. Ya dubi Muntaka.

Muntaka ya daɗe yana kallon hanyar Yauri. Ba ƙura, ba doki. Ya cire jar dararsa ya kifa ta a kan tano, ya ɗora bulala a kai, ya tuɓe rigar gardi ya ninke. Ya je ya ɗauko hauyar Sallau inda take jingine.

"Da wannan yatsan ba za ka iya haƙa ba," in ji shi. "Nuna mini inda za a ja. Ramin gonar Illa ne, ya ɗan zarce iyaka. Ko ba haka ba, Illa?"

"Dā ma ni ban taɓa sanin iyakata da wannan bawan ba," in ji Illa, ya tsallako da mutanensa.

Aka ja rami a gaban hatsin kwari. Mata suka fito da rassa da buhuna. Kafin magariba an rufe na rufewa, an kwashe na kwasa daga wajen da magani bai taɓa ba.

Nasara ya dawo bayan an kwana biyu, zazzaɓi ya ramar da shi, ya zagaya a kan doki bai sauka ba. Ya ga kore a gangare ya gyaɗa kai, ya ga ƙonannen wuri ya yi wa Muntaka faɗa da yarensu, aka ɗora kaya a takarkari suka wuce. Abin da Sallau ya girba a kwarin nan bai cika rumbu ba, ko rabi bai kai ba. Amma Baiwa ta fara cika tulunta ta liƙe, sauran suka ja shi da ganyen tafasa da ɗangon da aka shanya har ruwa ya sake sauka. A shekarar da gidaje da yawa suka watse suka yi Kano da Daura, gidan Sallau ba a fitar da gawa ba, ba a rufe ƙofa ba.

Na san akwai mai murguɗa baki a cikinku, yana cewa tsoho ya ƙara gishiri, wai mai da ruwa ai damu ɗaya ne ko da muciya ko da famfo. To kananzir na kasuwa, sabulu na kasuwa. Bari hatsinka ya kai ƙugu, ka karɓi muciyar matarka ka tuƙa iya ƙarfinka, ka fesa a gonarka, ba ta maƙwabci ba. Ina nan ƙofar gida ba inda zan je. Ka zo da yamma ka gaya mini abin da ka gani, in bakinka zai buɗu.